Cibiyar ƙafar baya: ɗan ƙarfen da ke ɗauke da jarin mai keke

Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin kasuwa da sassafe, a Maraɗi ne ko Damagaram ko Tawa, ya san kafin manyan motoci su fara sauke kaya, kekuna sun riga sun yi sawu biyu. Wannan ya ɗauro burodi, wancan buhun gawayi, wani bido huɗu na ruwa, wani kuma kwandon tumatir daga garka. Moto ta yi yawa a garuruwanmu, gaskiya ne, to amma keke ba ya shan mai, shi ya sa har gobe ƙaramin jari bisansa yake tafiya.

Abin da ya sa na ɗauko wannan magana ya faru ne a gidanmu. Innarmu tana yin man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, ƙanena ke kai mata kasuwar wani ƙauye ranar da take ci. Da tsohon kekensa ya gaji, ni na saya masa wani na hannu, irin masu giya bakwai a baya, ina ganin na yi masa gata. Cikin shekara guda sau uku sandar ƙafar baya tana karyewa. Ta ukun ita ta fi ciwo, don a tsakiyar hanya ta same shi, ya turo keken da kaya har rana ta take, ya isa kasuwa tana watsewa. Inna ta ce yaron ne ba ya kula da ramuka. Ni na ce mai gyara ne ke sa mana kayan banza. Daga baya da na bi diddigin abin, sai na tarar mu duka mun ɗauki alhakin mutane. Laifin yana cikin yadda aka ƙera cibiyar tun daga masana'anta, kuma injiniyoyin da ke yi wa ƴan tsere kekuna sun san matsalar, sun ma yi maganinta fiye da shekara arba'in da suka wuce.

Abin da ke cikin cibiya

Cibiya ita ce dunƙulen ƙarfen nan da ke tsakiyar ƙafar keke, inda duk wayoyi suka taru. Masu gyaran da suka koyi sana'a wajen Najeriya hob suke ce mata. Ta gaba ba ta da aikin da ya wuce juyawa. Ta baya kuwa jakar gida ce: ita ke ɗaukar mafi yawan nauyin mahayi da duk abin da aka ɗaura bisa kariya, ita ke karɓar ƙarfin da sarƙa ta kawo daga feda ta miƙa wa taya, kuma ita ce ke sakin sarƙa idan mutum ya bar tuƙi a gangare don kada feda ta riƙa dukan ƙafafunsa.

In an buɗe ta, abubuwan ba su da yawa. Akwai sanda da ta ratsa tsakiya, wadda ake ɗaurewa jikin keke da noti, ita ba ta juyawa. Akwai boris a gefe biyu, wato ƴan ƙwayoyin ƙarfen da gangar cibiyar ke gangarawa bisansu. Akwai kunnuwa biyu masu huji inda ake zura wayoyi. Sai kuma abin nan mai ƙara ƙas-ƙas-ƙas: ƴan harsunan ƙarfe biyu ko uku, kowane bai kai ƙwayar gyaɗa ba, da sifirin ke turawa cikin haƙoran wani zobe. Ka taka feda, harsunan su kama. Ka bari, su zame bisa haƙoran suna ƙara.

Ku ƴan kasuwa lissafi ne sana'arku, to ga ɗan lissafi. A ce mutum mai kilo 70 ya miƙe bisa feda yana hawan tudu. Hannun feda santimita 17 ne, shi kuwa farantin gaba mai haƙora 44 daga tsakiyarsa zuwa bakinsa bai cika santimita 9 ba. Ke nan jan da sarƙa ke yi ya kusa ninka nauyin mutumin, wajen kilo 130, buhun gero guda har da ɗoriya. Wannan jan kaf yana sauka ne gefen dama na cibiya, kuma a ƙarshe ƴan harsunan nan ne ke tare shi. Ga kuma bido huɗu na lita 25 a bisa, wato wani kilo 100, ga rami.

Inda sanda ke karyewa

Ku duba da kyau: kusan kullum a gefen dama take karyewa, wajen sarƙa, daidai inda boris ya zauna. Ba tsautsayi ba ne.

A tsohon tsari, wanda har yanzu shi ke kan yawancin kekuna masu araha, farantan giya da harsunansu abu guda ne da ake kira firiwil, ana murɗa shi jikin cibiya kamar marfin kwalba. Muddin faranti ɗaya ne, babu damuwa, don boris na dama yana nan dab da inda sanda ta kama jikin keke. Amma da aka fara jera faranti biyar, shida, bakwai, dole aka nema musu wuri, sai aka tura boris can ciki, aka bar dogon yanki na sanda yana rataye babu abin da ya tallafe shi. Mata masu ɗaukar ruwa da sanda a kafaɗa sun san wannan: in tulu ya yi nisa da kafaɗa, sandar lanƙwashewa take yi. Sandar keke kaurinta milimita 10 ne kawai, ga zaren noti da ya ƙara cinye ta. Kowane tako, kowane rami, tana ɗan lanƙwasa tana miƙewa, kamar wayar da yaro ke lanƙwasawa gaba da baya, har ranar da za ta ce ta gaji.

Kamfanin Shimano na ƙasar Japan, wanda Shozaburo Shimano ya kafa a garin Sakai a 1921, kuma abin da ya fara ƙerawa ma firiwil ne, shi ya yaɗa maganin a 1978. Ya cire harsunan daga cikin farantai ya mai da su cikin jikin cibiyar, farantan kuma suka zama ana zura su kawai bisa wata ƴar ganga mai tsaga-tsaga, a ɗaure da zobe. Wannan shi ake kira kaset. Ribar ita ce boris na dama ya samu damar fitowa can baki, kusa da jikin keke, sanda ta samu mai tallafa mata daga wannan ƙarshe har wancan. Yau babu keken tsere ko na hawan duwatsu mai daraja da ake yi da firiwil na murɗawa. Daga baya ma suka ƙara: manyan kekunan yanzu sanda mai kauri milimita 12 gare su, mai rami a ciki, tana ratsa jikin keke ta ɗauru da zare, don bututu mai faɗi ya fi siririn ƙarfe ƙin lanƙwasa ko da nauyinsu ɗaya.

Abin haushin shi ne, ido ba ya saurin bambance su, kuma mai sayarwa ba lalle ya faɗa maka ba, wani ma bai sani ba. Ga yadda ake ganewa. A cire ƙafar, a juya farantan baya da hannu, a kalli tsakiyarsu. In akwai wani zobe mai tsaga a can ciki da ya tsaya cik farantai na zagaye shi, firiwil ne. In zoben yana waje, bisa ƙaramin faranti, yana juyawa tare da su, kaset ne. Minti biyu ya isa. Da na san haka ranar da na sayi keken ƙanena, da Inna ba ta rasa kasuwarta ba.

A nan zan ɗan ratse in yi kira ga samari. Tsayawa bisa notin ƙafar baya, ko sa dogayen ƙarafa a wurin don goyon aboki, shi ne hanya mafi sauri ta lanƙwasa sanda. Sanda kuwa in ta lanƙwashe, ko ba ta karye ba, tana cin boris a karkace.

Tseren haƙora

Ƴan tsere duniyarsu daban. Dokar hukumar tseren kekuna ta duniya, tun shekara ta 2000, ta ce keken gasa kada ya gaza kilo 6.8, wato bai kai tiya uku ta gero ba. Irinsa Biniam Girmay ɗan Eritiriya ya hau ya ci zango uku a babban tseren Faransa na 2024, irinsa kuma aka gani a Kigali a watan Satumba na 2025, lokacin da gasar duniya ta zo Afirka karon farko. A wajen waɗannan mutane kowane giram abin lissafi ne, don haka gangar cibiyarsu ta alminiyam ce, an fafe ta kamar ƙwarya.

Inda kamfanoni suka fi gwada ƙwanji shi ne wajen saurin kamawa. Idan ka bar tuƙi ka sake takawa, feda takan ɗan tafi a banza kafin harshe ya samu haƙori. Yawan haƙora shi ke rage wannan tazara. DT Swiss na ƙasar Suwis ya bar harsuna gaba ɗaya, ya yi zobba biyu masu haƙora a fuska suna kallon juna, kamar ka haɗa yatsun hannuwanka biyu, ta yadda duk haƙoran ke kamawa lokaci guda su raba nauyin tsakaninsu. Na asali haƙora 18 gare shi, wato digiri 20 tsakanin kamu da kamu, akwai kuma mai 36 da mai 54. Chris King na Amurka ya yi nasa mai 72. Wani kamfanin Amurka, Industry Nine, a 2019 ya fito da cibiya mai harsuna 6 da haƙora 115, an jera harsunan ta yadda ba sa faɗawa tare, sai ya zama tana da wurin kamu 690 a zagaye guda. Onyx kuma ya ce shi ba ya son haƙori ko ɗaya, ya sa wasu ƴan ƙarafa da ke cijewa da zarar an taka, babu ƙara sam.

To mu ina ruwanmu? Mu koma ga lissafi. Da faranti 44 a gaba da 18 a baya, irin na keken kaya, digiri 20 ɗin nan a wajen feda bai fi santimita biyu da rabi ba. Ba za ka ma ji shi ba. Amma mai hawan dutse da ya sa 32 a gaba da 50 a baya, tazarar takan haura santimita 9, kuma yana tsakanin duwatsu inda rabin tako ke raba shi da faɗuwa. Shi yana da dalilin biyan kuɗin. Mai burodi ba shi da shi. Hasali ma in haƙora suka yi yawa dole su ƙanƙance, ƙaramin haƙori kuwa ƙura kaɗan ko giris mai kauri ya isa ya hana shi kamawa. A ra'ayina, ga ƙasa irin tamu, ƴan haƙora manya sun fi.

Wani abin dariya, a Turai akwai masu sayen cibiya don ƙararta, wai ta riƙa kuka kamar zuma. A nan kuwa shirun ne abin tsoro. Firiwil da ya saba ƙara in ya yi shiru, ko ka taka feda ta zarce fanko, to harsunan sun manne da datti. Ranar da za su saki kana tsaye bisa feda da kaya a baya, sai dai a ce Allah ya kiyaye. Mai mara kauri ake ɗiga musu, ba a cusa musu giris.

Ƙura, babbar abokiyar gaba

Boris iri biyu ne. Na farko shi muka fi sani: ƙwayoyi a sake, suna zaune cikin wani ƙoƙon ƙarfe da ke manne a gangar cibiya, sai a murɗo wani noti mai tsinin kai, wanda ake kira kon, ya danne su. A ƙafar baya yawanci ƙwaya 9 ne kowane gefe, masu kaurin milimita 6 da ɗan kai. Kada wani ya raina wannan tsari don tsufansa, Shimano ya daɗe yana sa shi har cikin cibiyoyinsa mafi tsada na tsere, don yana jure turi daga gefe, kuma ana iya buɗe shi a wanke a gyara da sifana biyu. Na biyu shi ne boris rufaffe, wanda ƙwayoyin ke cikin zobe da marfin roba. Ba a gyara shi, in ya mutu a fitar a buga sabo. Kyansa shi ne lambar da ke jikinsa, kamar 6000 ko 6902, ma'auninta ɗaya ne a duk duniya, don haka wani lokaci wajen masu kayan moto ko na injin ban ruwa ake samunsa.

Akwai masu ƙwayoyin wani irin tangaram mai tsananin tauri, da ake sayar wa ƴan tsere da tsadar gaske. Ƙarfin da suke ceto ɗan mitsitsi ne. Abin da ya fi shi muhimmanci, kuma injiniyoyin suka fi shan wahala a kansa, shi ne marfi: roba mai leɓe da ƴan lunguna da ke hana ruwa da ƙasa shiga. Marfin in ya matse da yawa yana riƙe ƙafa, in ya saki datti ya shiga. Su laka da ruwan sama suke tsoro. Mu rairayi da ƙurar hunturu ne namu, kuma cibiya mai araha kusan ba ta da marfin kirki. Rairayi in ya gamu da giris ya zama abin wasa wuƙa. Yana fara cin ƙwayoyi, ya ci kon, sa'an nan ya ci ƙoƙo.

Wannan jerin a riƙe shi, don a nan kuɗi yake. Ƙwayoyi da kon ba su da tsada. Ƙoƙo kuwa in ya yi ramuka, cibiyar ta tafi ke nan, sai an kwance wayoyi duka an sake ɗinka ƙafa. Gwajin ba ya son makaniki. Ɗaga bayan keken, kama taya ka girgiza ta hagu da dama: in ka ji ƙwas-ƙwas, kon ya saki. Juya ta ka dafa jikin keken: in ka ji gurza kamar ana niƙa a dutse, ko dai an matse shi fiye da kima ko ƙasa ta shiga. Ana son ta juya sumul, babu wasa babu cijewa. Keken da ke aiki kullum ya kamata a buɗe shi bayan damina da kuma bayan hunturu, a wanke da kananzir, a sa giris sabo. Kuma ƴan uwa masu gyara, don Allah a bar abu biyu: haɗa tsofaffin ƙwayoyi da sababbi, don sababbin sun fi girma su kaɗai za su ɗauki nauyi, da kuma zuba baƙin man da aka juye daga inji, wanda shi kansa cike yake da garin ƙarfe.

Tsohon keke bai tsufa ba

Akwai wata asara da yawan giya ke jawowa wadda ba a cika faɗi ba. Don a samar wa farantai wuri, dole a matso da kunnen dama na cibiya zuwa tsakiya. Sai wayoyin dama su miƙe kusan tsaye, a ɗaure su tamau, na hagu kuma su kwanta sako-sako. Kamar rumfa ce da aka ja igiyoyinta gefe guda kusa, gefe guda nesa. Idan kaya ya yi nauyi, wayoyin da ke ƙasa sukan saki ɗan lokaci a kowane zagaye, kuma wayar da ke saki tana kamawa ita ke karyewa a wuyanta. Faɗin cibiya ya yi ta ƙaruwa: daga milimita 120 zuwa 126, 130, 135, 142, har kamfanonin Trek da SRAM suka fito da 148, wannan na ƙarshe don a tura kowane kunne milimita 3 waje.

Yanzu ku dubi tsohon baƙin keken kakanninmu, irin su Raleigh na Ingila da Phoenix na Sin. Faranti ɗaya, kunnuwa nesa da juna kusan daidai wa daida, boris dab da jikin keke, waya 40 a baya, alhali keken tsere na yau 24 yake da su. Abin da injiniyoyi ke fama su dawo da shi da ƴan milimita, shi yana da shi kyauta. Ba ya gudu, yana da nauyi, birkinsa ba na yabo ba ne, amma a wajen ɗaukar kaya ƙafarsa ta baya ta fi ta keke mai giya bakwai na araha nesa ba kusa ba.

Wanda ke son giya ba tare da wannan rauni ba, akwai hanyar da ta girmi kakanninmu: a ɓoye giyar cikin cibiyar. Sturmey-Archer na garin Nottingham ya fara yin mai giya uku tun 1902, kuma jefi-jefi akan gamu da irinta cikin kekunan hannu da ke zuwa daga Turai. Ƙura ba ta ganin cikinta, sai dai in ta lalace kayanta ke wuyar samu. Ƙarshen wannan fanni shi ne Rohloff na Jamus, wanda ya fito a 1998 da giya 14 suna iyo cikin mai, ana canza man duk kilomita 5000. Masu zagaya duniya bisa keke suna ji da ita. Kuɗinta ya haura yuro 1000, wato sama da jika 650, cibiyar kaɗai ba keke. Na faɗe ta ne don ku ji, ba don ku saya ba.

Mu dai a gida ga yadda muka ƙare. Tsohon keken da aka jingine a zaure, shi aka fiddo aka sa masa kon da ƙwayoyi sababbi da wayoyi shida, ya koma kai man gyaɗa. Mai giyar kuma muka yi sa'ar samun ƙafar hannu mai kaset a wajen wani mai gyara, ƙanena yana zuwa lakwal da shi, an kuma hana shi goyo. Damina biyu ke nan ba mu sayi sanda ba. Inna har yanzu ba ta janye maganarta ta ramuka ba, ni kuwa na koma wajen mai gyaran nan na ba shi haƙuri.